PANDITA RAMABAI TA ƘASAR INDIYA

A nan unguwarmu ta Television, kudu da Kogin Kaduna, idan muka taru sujada ran Lahadi, za ka ga Bajju da Atyap da Ham da Adara da Gbagyi, har da Hausawa 'yan asalin Maguzawa, duk a benci ɗaya. Kowannenmu ya bar wani ƙauye a baya, da kaburburan kakanni, da al'adun gida. Akwai kuwa tambaya guda da ba ta rabuwa da mu: idan mutum ya bi Almasihu, me zai riƙe daga gadon iyayensa, me zai yar? A wannan wata mun kawo muku labarin wata mace daga ƙasa mai nisa, wadda wannan tambaya ta bi ta dukan kwanakin ranta.

Ƙasar da aka haife ta

Kafin mu gane labarinta, sai mu san yadda zaman mabiya addinin Hindu ya ke a zamaninta. An raba mutane hawa-hawa bisa ga haihuwa. Mu ma mun san sana'ar gado, kamar ta maƙera da mahauta da wanzamai, amma tasu ta fi tamu tsanani ƙwarai, gama an ɗaure ta da addini. Waɗanda su ke bisa duka su ne Barahman, wato dangin malamai da masu hidimar gumaka. Barahman ba ya cin abincin da na ƙasa da shi ya dafa, ba ya kuwa auren 'yarsa. Littattafansu masu tsarki da harshen Sanskirit su ke, kuma yawancin malamai sun hana mata koyonsa.

A kan aurar da yarinya tun tana ƙarama. Idan mijin ya mutu, ko da ba ta tare ba, ta zama gwauruwa har mutuwa. A cikin manyan dangi a kan aske kanta, a tuɓe mata kayan ado, ta ci abinci sau ɗaya a yini, a ɗauke ta mai baƙar ƙafa. Gwamnati ta hana ƙona gwauruwa tare da gawar mijinta a 1829, ta kuma yarda gwauraye su sake aure a 1856, amma al'ada ta fi doka ƙarfi. Ƙidayar 1881 ta nuna gwauraye fiye da miliyan 20 a Indiya, dubbai daga cikinsu ba su kai shekara 9 ba.

Gidan ubanta

An haifi Ramabai ran 23 ga Afrilu, 1858, a wani daji na kan duwatsu a kudu maso yammacin Indiya. Ubanta, Anant Shastri Dongre, babban malami ne na Barahman, mai riƙon addinin kakanninsa da zuciya ɗaya. Amma a abu guda ya saɓa wa 'yan'uwansa: ya koya wa matarsa Lakshmibai karatun Sanskirit. Malamai suka kira shi gaban shari'arsu don su fitar da shi daga dangi. Ya tsaya ya kāre kansa daga cikin littattafansu, ba su iya ka da shi ba. Duk da haka ya ƙaura da iyalinsa zuwa daji don ya sami sakewa.

Uwar ce ta koya wa Ramabai karatu. Tun tana yarinya ta haddace dubban baitoci. Uban kuma ya ƙi aurar da ita da ƙuruciya, don ya ga baƙin cikin da auren wuri ya jawo wa yayarta. Da dukiyarsu ta ƙare, suka shiga yawo daga wannan wurin ibada zuwa wancan, suna karanta wa jama'a littattafan addini, suna rayuwa da abin da aka ba su.

A cikin shekarun 1870 aka yi yunwa mai tsanani. Girman asali ya hana su yin bara ko ƙodago. Uban ya mutu, uwar ta bi shi, yayar ma ta bi su. Sa'ad da uban ya rasu, ba wanda ya yarda ya taɓa gawar, don ba a tabbatar da danginsu ba, sai wanta Srinivas ya ɗauke ta shi kaɗai ya kai inda ya binne. Da uwar ta rasu, Ramabai da kanta ta shiga cikin masu ɗaukar makara. Tun daga nan ta fara tambaya a ranta, wane irin tsarki ne wannan da ya ke hana mutum jinƙai.

Ita da wanta suka ci gaba da tafiya a ƙasa, fiye da mil 4,000, har suka isa birnin Kalkata a 1878. Malaman birnin suka jarraba ta, suka yi mamakin iliminta, suka ba ta sarautar Pandita, wato malama, da kuma sunan Sarasvati. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A can ta zauna ta bincika littattafan shari'ar addininta da kyau. Abin da ta samu shi ne, malaman sun saɓa wa juna a kan abubuwa da yawa, amma a kan mace da mutanen ƙananan dangi bakinsu ɗaya: ba su da hanyar tsira irin ta namiji Barahman.

Aure da gwauranci

Wanta ya mutu a 1880. A shekaran nan ta auri wani lauya, Bipin Behari Medhvi, wanda ba Barahman ba ne, ba kuma mai harshenta ba ne. Wannan babban abin kunya ne a idon danginta, mutane da yawa suka juya mata baya. Ta haifi 'ya mace, Manorama, a 1881. A gidan mijin ne ta tsinci Bishara ta hannun Luka, ta karanta, abin ya shiga ranta. A watan Fabrairu, 1882, ciwon amai da gudawa ya kashe mijin. Ga ta gwauruwa tana da shekara 23, da goyo.

Ba ta shiga ɗaki ta ɓuya ba yadda al'ada ta so. Ta tafi birnin Puna, ta kafa ƙungiyar mata mai suna Arya Mahila Samaj. Ta tsaya gaban kwamitin ilimi na gwamnati, ta roƙa a horar da mata su zama malamai da likitoci.

A ƙasar Ingila

A 1883 ta shiga jirgin ruwa zuwa Ingila don ta koyi aikin likita, amma kunnenta ya yi nauyi, abin bai yiwu ba. Ta sauka wurin waɗansu mata masu hidima na Ekklesiyar Ingila a garin Wantage. Suka kai ta wani gida a London inda a ke karɓar matan da suka fāɗi cikin karuwanci, a ke lura da su da ƙauna. Ta tambayi dalili, aka karanta mata labarin Yesu da Basamariya a bakin rijiya. Ran 29 ga Satumba, 1883, aka yi mata baftisma tare da 'yarta.

To, a nan ne wani sabon gwaji ya zo. Waɗanda suka yi mata baftisma sun zaci za ta zama kamarsu cikin kome. Ta ƙi. Ba ta bar tufafin ƙasarta ba, ba ta kuwa fara cin nama ba, gama tun haihuwa ba ta ci. Da aka ce ta rataya gicciye mai rubutun Latin, ta ce idan rubutu za a yi, a yi da Sanskirit wanda mutanenta su ke girmamawa. Da limamai suka so su hana ta koyar da maza, ta yi gardama da su. Ta nuna musu a fili, ba ta kuɓuta daga hannun malaman Barahman don ta shiga hannun waɗansu malamai ba. Kowace koyarwa sai ta auna ta da Littafi Mai Tsarki kafin ta karɓa.

A 1886 ta haye zuwa Amurka. A can ta rubuta littafi a kan wahalar matan manyan dangi, ya fito a 1887. Mutane suka kafa ƙungiya a birnin Boston, suka yi alkawarin taimakon makarantarta har shekara 10.

Makarantar gwauraye

Ran 11 ga Maris, 1889, ta buɗe makarantar Sharada Sadan a Bombai, wanda a ke kira Mumbai yanzu, da ɗalibai biyu tak. A 1890 ta mayar da ita Puna. Ta yi alkawari ba za a tilasta wa kowa addini ba, aka kuma kiyaye dokokin abinci na Barahman. Sai dai idan tana addu'a da 'yarta, ta kan bar ƙofar ɗakinta a buɗe. Waɗansu 'yan mata suka fara shiga, daga baya suka nemi baftisma.

Gari ya ɗauka. Jaridar Kesari ta Bal Gangadhar Tilak, babban jagoran masu kishin ƙasa, ta tasa ta gaba. A 1893 manyan Hindu masu ba makarantar shawara suka janye, iyaye suka kwashe 'yan mata da dama. Ya kamata mu yi wa mutanen nan adalci. Ƙasarsu tana hannun Turawa, suna gani addinin kakanni ne kaɗai abin da ya rage musu, wanda ya bar shi kuwa ya koma wajen masu mulki. Tsoronsu yana da dalili. Kuskurensu shi ne, sun ɗora nauyin kiyaye asalinsu a kan ƙananan yara gwauraye, waɗanda ba su da bakin magana.

A cikin waɗannan shekaru Ramabai ta shaida cewa da fari addinin Kirista ta samu, sai a 1891 ta san Almasihu kansa Mai Cetonta.

Mukti

A 1896 yunwa ta sake faɗa wa tsakiyar Indiya. Ita da ta san zafin yunwa ba ta iya zama ba. Ta bi sansanonin mayunwata, ta tattaro 'yan mata wajen 300, ba ta tambayi dangin kowa ba. Annoba ta hana ta ajiye su a Puna, sai ta kai su gonar da ta saya a Kedgaon, gabas da birnin. Ta sa wa wurin suna Mukti, wato ceto. Bayan yunwar 1900, mazauna wurin sun haura 1,500.

A Mukti 'yar Barahman da 'yar mafi ƙasƙancin dangi suka ci daga tukunya ɗaya. Suka haƙa rijiyoyi, suka yi noma da kiwon shanu, da saƙa, da matsar mai, da buga littattafai. Aka koya wa makafi karatu. Suna zama a ƙasa cikin sujada, da tufafinsu na gida. A 1905 aka yi babbar farkawa a wurin, 'yan mata suka riƙa fita ƙauyuka da bishara.

Aikinta na ƙarshe shi ne juya Littafi Mai Tsarki zuwa Marati, harshen mutanenta. Ta koyi Ibrananci da Helenanci don wannan. Ita da ta san Sanskirit ƙwarai, ta guje wa manyan kalmominsa, don ta so macen ƙauye ta ji ta gane. 'Yarta Manorama ta rasu a 1921. Ramabai ta gama aikin, ta rasu ran 5 ga Afrilu, 1922. 'Yan matan Mukti ne suka buga littafin, ya fito a 1924, shekara 8 kafin namu na Hausa ya fito cikakke a 1932. A 1989 gwamnatin Indiya ta buga hotonta a kan sarki don girmamawa.

Abin koyi gare mu

'Yan'uwa, ku duba yadda ta tankaɗe gadonta. Harshe, da tufafi, da abinci, da son ilimi irin na ubanta, ta riƙe su har kabari, ba ta taɓa jin kunyar sunan iyayenta ba. Wulakanta gwauruwa da raina mutum saboda haihuwarsa, waɗannan ta yar, ko da ya ke sun zo mata da sunan kakanni. Ma'auninta ɗaya ne: abin da ya ke danne marar ƙarfi ba shi da wuri a gidan Almasihu.

Sai mu auna kanmu. A cikinmu akwai mai jin kunyar yaren uwarsa, yana zaton wannan ne wayewa. Akwai kuma dattijon ekklesiya da zai hana 'yarsa auren mai bi don ba ƙabilarsu ɗaya ba. Mun kuma ga dangin miji sun kwashe kayan ɗakin gwauruwa tun ba a tashi daga zaman makoki ba, suna cewa al'ada ce. Muna roƙon dattawa da Zumuntar Mata su karanta Yohanna sura 4 da Yakubu sura 1 tare a wannan wata, sa'an nan kowace ekklesiya ta ƙidaya gwaurayen da ke cikinta, ta san abin da su ke ci. Ubangiji ya ba mu hikima da ƙarfin hali irin na baiwarsa Ramabai. Amin.