Montague Druitt

Montague John Druitt (15 ga Agusta 1857 – farkon Disamba 1888) lauya ne, malamin makaranta kuma ɗan wasan kurket ɗan ƙasar Ingila. An fi saninsa a matsayin ɗaya daga cikin waɗanda aka zarga da kasancewa Jack the Ripper, makashin da ya hallaka aƙalla mata biyar a unguwar Whitechapel ta birnin Landan a shekarar 1888, wanda har yau ba a gano ko wane ne ba.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Wimborne Minster da ke gundumar Dorset. Mahaifinsa, William Druitt, likitan tiyata ne mai daraja a garin. Ya yi karatu a Kwalejin Winchester, daga nan ya wuce Jami'ar Oxford, inda ya kammala a 1880. A wannan shekarar ya kama aikin koyarwa a wata makarantar kwana ta yara maza a Blackheath, kudu maso gabashin Landan. Ya zama cikakken lauya a watan Afrilun 1885, amma bai bar koyarwar ba. Mahaifinsa ya rasu a 1885, sannan a watan Yulin 1888 aka kwantar da mahaifiyarsa Ann a asibitin masu taɓin hankali.

Ɓacewa da mutuwa

A ƙarshen 1888 aka sallame shi daga makarantar. Ranar 11 ga Disamba aka sanar da yayansa William cewa an fi mako guda ba a ga Montague a ofishinsa ba. William ya je Landan cigiya, ya tarar da wata takarda da ƙanin nasa ya bari, yana nuna tsoron kada ciwon mahaifiyarsu ya same shi. Ranar 31 ga Disamba wani mai kwale-kwale ya tsinci gawarsa a Kogin Thames kusa da Chiswick, aljihunan rigarsa cike da duwatsu. An kuma samu tikitin jirgin ƙasa mai ɗauke da kwanan watan 1 ga Disamba. Binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa shi ya kashe kansa cikin rashin hayyaci. An binne shi a Wimborne yana da shekara 31.

Zargin kisan Whitechapel

A 1894 Melville Macnaghten, babban jami'i a rundunar 'yan sandan Landan, ya sa sunan Druitt cikin mutum uku da yake zargi. Ya ce ya samu bayanin sirri cewa dangin Druitt da kansu sun yi zaton shi ne makashin, amma bai faɗi daga wurin wa ya ji ba. Abin da ya ƙarfafa zargin shi ne mutuwarsa ta zo makonni kaɗan bayan kisan Mary Jane Kelly a ranar 9 ga Nuwamba, wadda ake ɗauka ita ce ta ƙarshe cikin matan biyar.

Zargin na da rauni sosai. Macnaghten ya kira shi likita, alhali lauya ne, wanda ke nuna bai san shi da kyau ba. Bayanan wasanni sun nuna Druitt ya buga kurket a Dorset ranar 1 ga Satumba, washegarin kisan Mary Ann Nichols, ya kuma buga a Blackheath ranar 8 ga Satumba, sa'o'i kaɗan bayan an kashe Annie Chapman. Sufeto Frederick Abberline, wanda ya yi aiki a kan binciken, ya yi watsi da zargin a 1903. Sunan Druitt ya fito fili ga jama'a ne a littafin Tom Cullen na 1965.