Van Gogh: Mai zanen da bai taɓa gamsuwa da hannunsa ba

Vincent van Gogh ya kai shekara 27 kafin ya yanke shawarar zama mai zane, kuma kafin nan babu sana'ar da ta karɓe shi. An haife shi ranar 30 ga Maris, 1853 a garin Zundert na ƙasar Holan. Ya yi aiki da kamfanin dillancin zane na Goupil aka sallame shi a 1876, ya ɗan taɓa koyarwa a Ingila, sannan ya tafi wa'azin addinin Kirista cikin masu haƙar kwal a Beljiyam, can ma ba a sabunta masa aikin ba.

A 1880 ya riƙi fensir gadan-gadan. Ƙirar jikin mutum da nisan abubuwa suna ba shi wahala, shi ma ya san da haka. Sai ya samo littafin darussan zane na Charles Bargue mai shafi 60, ya kwaikwaye shi daga farko har ƙarshe, ya sake komawa farko, kamar almajirin da ke wanke allo ya sake rubutu. Ƙanensa Theo ne ke aiko masa kuɗin abinci da takarda, nauyin da ya dame shi har ƙarshen rayuwarsa.

A birnin Hague, a 1882, ya sa kafinta da maƙeri suka haɗa masa wani firam, aka ɗaura zare a tsaye, a kwance da kuma a karkace. Yakan kafa shi a fili ya leƙa ta ciki, ya ja layuka irin waɗannan a takarda, sannan ya sa kowane abu a gurbinsa. Matashin da ke zane a waya yau a Wurno ko Goronyo, yana ɓoye cewa ya kunna layukan awo na manhaja don kada a ce bai iya ba, dabarar nan ce yake amfani da ita. Van Gogh kuwa har hoton firam ɗin ya zana wa Theo a wasiƙa.

Bugun da ya fi shigarsa ya zo a 1885. Ya kwashe lokacin sanyi yana zana kawunan manoma a Nuenen kafin ya fitar da hoton wasu talakawa suna cin dankali, wanda ya ɗauka shi ne aikinsa na farko na a zo a gani. Abokinsa Anthon van Rappard ya rubuto yana kushe gajartar hannuwa da karkacewar jikkuna. Van Gogh ya mayar masa da wasiƙarsa, abotar kuma ba ta sake komawa daidai ba. A ganina Rappard yana da gaskiya a kan awo, amma bai ga abin da ke cikin fuskokin ba.

Da ya isa Arles a kudancin Faransa a 1888, sai ya koma fiƙe alƙalami daga karan da ke fitowa a yankin, kusan irin na makarantar allo. Da ɗigo da gajerun layuka kaɗai yake bambanta gona da ruwa da sararin sama.

Shakkar ba ta sake shi ba, ga kuma ciwon taɓin hankali da ya kai shi asibitin Saint-Rémy a 1889. A can ya zana daren taurarin nan da duniya ke rububin gani a New York, shi kuwa ya ɗauke shi aikin da bai yi kyau ba. Da Albert Aurier ya yabe shi a wata mujalla a Janairun 1890, sai ya amsa cewa Monticelli da Gauguin ne suka cancanci yabon.

Cikin watanninsa na ƙarshe a Auvers, bayan ya yi zanen fenti sama da 800, ya roƙi Theo ya sake aiko masa da littafin Bargue, ya zauna yana kwaikwayon darussan masu koyo. Ya mutu ranar 29 ga Yuli, 1890, kwana biyu bayan harbin bindiga da aka fi yarda shi ya yi wa kansa, yana da shekara 37.