Gottlob Frege, Masanin Sirrin Suna

An haifi Gottlob Frege a Wismar, ƙasar Jamus, cikin 1848. Ya shekara 44 yana koyar da lissafi a Jami'ar Jena.

Cikin 1892 ya rubuta maƙalar da mu ke tunawa da shi dominta. Mu dubi Gamzaki na asuba da Zara ta magariba. Tauraro ɗaya ne, amma mutum ya kan san sunayen duka biyu, bai san haka ba. Dalili, a ganin Frege, kowane suna yana ɗauke da abu biyu: abin da ya ke nunawa, da fuskar da ya ke nuna shi ta kanta.

Ya rasu cikin 1925, kaɗan suka san darajarsa. Sai bayansa duniya ta farga.