Henri Langlois, mutumin da ya tsirar da tsofaffin fina-finai

Yau muna tunawa da Henri Langlois, Bafaranshen da aka haifa a Izmir ta Turkiyya a 1914.

Da fim mai magana ya shigo, sai kamfanoni suka riƙa lalata tsofaffin fina-finai marasa sauti. Shi ko Langlois, tun yana saurayi, ya dinga tsinto gwangwanayen fim yana tarawa a gida, har cikin bahon wanka. A 1936 shi da Georges Franju suka kafa Cinémathèque française a Paris, inda ake adana fina-finan ana kuma haska wa jama'a. Zamanin mamayar Jamus ya ɓoye da yawa don kar a ƙwace.

A 1968 gwamnati ta tuɓe shi, masu shirya fim suka fito zanga-zanga har aka maido shi. Ya rasu a 1977. Jean Rouch, wanda kabarinsa ke Yamai, ya shugabanci gidan daga 1987 zuwa 1991.

To jama'a, mu ma tsofaffin kaset na biki da na waƙa da ke cikin akwatunanmu, kar mu bari zafi da ƙura su cinye su.