Jokichi Takamine (1854–1922): Rayuwarsa da Bincikensa

Gabatarwa

Mutane da yawa da aka cire wa haƙori ko aka ɗinke wa rauni bayan allurar kashe zafi sun amfana da aikin Jokichi Takamine, alhali ko sunansa ba su taɓa ji ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwar wannan masani ɗan ƙasar Japan, ta nuna yadda ya ɗauki wata tsohuwar sana'a ta mutanensa ya fitar da ilimin kimiyyar da ke cikinta, da kuma yadda hakan ya kai shi ga maganin da har yau ake ceton rai da shi.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Takamine a garin Takaoka ran 3 ga Nuwamba, 1854, ya kuma tashi a birnin Kanazawa. Mahaifinsa likita ne, mahaifiyarsa kuwa ta fito daga gidan masu dafa giyar shinkafa. Waɗannan gidaje biyu su ne suka zama tushen dukkan aikinsa daga baya. Tun yana yaro aka aika shi Nagasaki ya koyi harsunan Turawa, sa'an nan ya karanta ilimin haɗa sinadarai a kwalejin injiniya ta Tokiyo, inda ya gama cikin 1879. Gwamnati ta tura shi Gilasgo ta ƙasar Sikotilan don ƙaro ilimi, ya komo gida cikin 1883 ya kama aiki a Ma'aikatar Gona da Ciniki.

Cikin 1884 aka tura shi wakilci wurin wani babban baje koli a birnin Niyu Olins na Amurka. A can ya ga dutsen fosfet da ake yin takin zamani da shi, a can kuma ya sadu da Caroline Hitch, wadda ya aura cikin 1887. A wannan shekara ce aka kafa kamfanin takin zamani a Tokiyo bisa shawararsa.

Fumfuna da Hatsi

Kafin hatsi ya zama barasa, sai sitacin da ke cikinsa ya juye ya zama sukari. Turawa da tsiron sha'ir suke yin wannan aiki, watau a jiƙa ƙwaya kwana da kwanaki har ta tsira. Mutanen Japan kuwa tun zamanin da wata irin fumfuna suke shukawa a kan dafaffiyar shinkafa, suna kiran abin da ya samu koji. Da shi suke yin giyarsu, da kuma kayan miya na waken suya waɗanda matsayinsu a wurinsu ya yi kama da na daddawa. Takamine ya gane cewa fumfunar tana fitar da wani sinadari mai narkar da sitaci, irin wanda masana ke kira enzayim, kuma ana iya shuka ta a kan dusar alkama, wadda ba ta da tsada, a samu amfani cikin kwanaki kaɗan.

Da wannan dabara ya yi ƙaura zuwa Amurka cikin 1890, ya kama aiki da manyan masu yin barasa a garin Piyoriya ta jihar Ilinoyi. Amma al'amarin bai zo masa da sauƙi ba. Masu sana'ar tsiro suka ga hanyar abincinsu za ta toshe, suka tashi haiƙan suna adawa da shi. Gobara ta cinye wurin aikinsa, kamfanin da ya ɗauke shi ya shiga rikici, shi kansa kuma ciwon hanta ya kwantar da shi har sai da aka yi masa tiyata a Shikago.

Bayan wannan hasara sai ya sake tunani. Sinadarin da ke narkar da sitaci a tukunya ai zai iya narkar da shi a cikin mutum. Ya jiƙa dusar mai fumfuna, ya tace ruwan, ya zuba masa barasa mai ƙarfi har sinadarin ya kwanta ya zama gari. Cikin 1894 ya sami takardar mallakar wannan dabara, wadda ita ce ta farko da aka bayar a Amurka kan enzayim da aka samo daga ƙananan halittu. Kamfanin Parke-Davis ya sayar da garin da sunan Taka-Diastase a matsayin maganin rashin narkewar abinci, ya kuwa karɓu ƙwarai.

Adirenalin

Da ya sami abin hannu sai ya koma Niyu Yok ya buɗe ɗakin bincike nasa. A wannan lokaci masana sun riga sun san cewa wata 'yar tsoka da ke zaune a saman ƙoda tana ɗauke da wani abu mai ɗaga hawan jini, domin Oliver da Schäfer sun nuna haka a Landan. Sai dai ruwan da ake tatsowa daga tsokar yakan lalace da wuri, kuma ƙarfinsa ba ya daidaita. John Jacob Abel na Jami'ar Johns Hopkins ya fitar da wani abu da ya kira efinefirin, amma bai kasance tsantsa ba. A tsakiyar 1900, Takamine da mataimakinsa Keizo Uenaka suka yi nasarar fitar da shi tsantsa, ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri, daga tsokar dabbobin yanka. Aka sanar da duniya cikin 1901, aka sa masa suna adirenalin.

Amfaninsa ya bayyana nan da nan. Tun 1884 likitoci ke kashe zafi da koken, amma jini yakan kwashe shi daga wurin da aka sa, aikinsa ya ƙare da wuri, ya kuma zama guba ga jiki. Cikin 1903 wani likitan tiyata na Jamus, Heinrich Braun, ya nuna cewa in aka gauraya shi da ɗan adirenalin, jijiyoyin jinin wurin sukan tsuke, maganin ya daɗe, zubar jini ta ragu. Haka aka ci gaba da yi da Novocain na 1905, da lidoken wanda aka haɗa a Suwidin cikin 1943. Ta fuskar zuciya kuma, adirenalin ake yi wa wanda bugun zuciyarsa ya tsaya. In ya yi yawa yakan rikita bugun, kuma nazarin haka ne ya kai ga magungunan da ke tare masa hanya, irin wanda James Black ya fitar cikin shekarun 1960, waɗanda ake daidaita bugun zuciya da su.

Wannan nasara ba ta rasa tabo ba. Sunan Uenaka, wanda ya yi aikin da hannunsa, bai fito a takardun mallaka ba, sai daga baya littafin bincikensa ya nuna rawar da ya taka. Abel kuma ya ci gaba da ganin shi ne ya share hanya. Dalili ke nan da har yau maganin yake da suna biyu, Amurka na cewa efinefirin, Turai na cewa adirenalin.

Ƙarshen Rayuwarsa

Takamine ya yi amfani da dukiyarsa wajen kyautata zumunci tsakanin ƙasashen nan biyu. Ya taimaka wajen kafa Nippon Club a Niyu Yok cikin 1905, da kuma kai itatuwan ceri fiye da 3,000 birnin Washinton cikin 1912. Ya zama shugaban farko na kamfanin magunguna na Sankyo cikin 1913, kuma kiran da ya yi ya taimaka aka kafa cibiyar bincike ta Riken cikin 1917. Duk da shekara talatin da ya yi a Amurka, dokar lokacin ba ta ba wanda aka haifa a Japan damar zama ɗan ƙasa ba. Ya mutu a Niyu Yok ran 22 ga Yuli, 1922, aka binne shi a can.

Kammalawa

A yau masana'antu suna shuka fumfuna da sauran ƙananan halittu don samar da enzayim na sabulun wanki, da burodi, da sukari, da saƙa, kuma wannan fumfuna ta koji tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Abin lura ga ɗalibi shi ne, Takamine bai raina sana'ar gidan uwarsa ba. Ya tambayi dalilin da ya sa take aiki, ya gwada, ya auna, har ya mai da ita ilimin da duniya duka ta ɗauka.