Jane Addams, Maƙwabciyar Talakawan Shikago

A wannan wata mun kawo wa masu karatunmu labarin wata mace ta ƙasar Amurka, sunanta Jane Addams. 'Yar mai arziki ce, ta kuma yi karatu mai zurfi. Da ta so, da ta zauna cikin daula har ƙarshen ranta. Amma ta kwashe kayanta ta koma unguwar matalauta a birnin Shikago, ta zauna tare da su kusan shekara 46. Masu aika da taimako daga nesa suna da yawa ko'ina. Ita kuwa ta ga ba ta iya taimakon mutum da gaske sai ta san shi, ba ta kuwa iya saninsa sai ta zama maƙwabciyarsa. Ba a rana ɗaya ta koyi wannan ba, za mu kuma ga kurakuran da ta yi a hanya.

Ƙuruciyarta

An haife ta ran 6 ga Satumba, 1860, a wani ƙauye mai suna Cedarville, cikin jihar Illinois. Ubanta, John Addams, yana da injin niƙa alkama, ya yi shekara 16 yana wakili a majalisar dattawan jihar, abokin Abraham Lincoln ne kuma. Tana da shekara biyu uwarta ta rasu. Da ta kai shekara huɗu ciwon tarin fuka ya kama ƙashin bayanta, har bayan ya tanƙware, tana ɗan ɗingishi.

Wata rana, tun ba ta cika shekara bakwai ba, ta bi ubanta zuwa wani gari kusa da su. Can ta fara ganin ƙananan gidajen matalauta a cunkushe cikin ƙazanta. Ta gaya wa ubanta in ta girma za ta yi babban gida, amma ba a tsakanin manyan gidaje ba, sai a tsakiyar irin waɗannan ƙanana. Magana ce ta yarinya, amma ta cika.

Ta gama makarantar 'yan mata ta Rockford cikin 1881. Malamanta sun matsa mata ƙwarai ta tafi aikin mishan a ƙasashen waje, amma zuciyarta ba ta kwanta da haka ba. A wannan shekara ubanta ya rasu. Ta shiga makarantar koyon aikin likita a Philadelphia, ciwon baya ya sa ta bari. Daga nan ta yi shekara bakwai tana fama da rashin lafiya da baƙin ciki, ba ta san abin da za ta yi da ranta ba. A cikin shekarun nan aka yi mata baftisma a majami'ar ƙauyensu.

Abin da ta gani a Landan

Cikin 1883 ta yi tafiya zuwa Turai. Wani daren Asabar a gabashin Landan ta ga ana gwanjon ruɓaɓɓen ganye da 'ya'yan itace, matalauta sun yi cincirindo suna miƙa hannu. Wani ya sayi kabeji, nan take ya zauna a bakin hanya yana cinsa ɗanye saboda yunwa. Hannuwan nan da ta gani a miƙe ba su fita daga ranta ba.

Da ta sake zuwa Landan cikin 1888, ta ziyarci wani gida da a ke kira Toynbee, wanda wani fasto mai suna Samuel Barnett da matarsa Henrietta suka buɗe cikin 1884. Samari masu ilimin jami'a su ke zaune a gidan, a tsakiyar matalauta, suna koya musu karatu, suna cuɗanya da su. Jane ta ga abin da ta daɗe tana nema ke nan. Ta shawarci ƙawarta ta makaranta, Ellen Gates Starr, suka ƙulla niyya su yi irinsa a Shikago.

Gidan Hull

A ƙidayar 1890 mutanen Shikago sun haura miliyan ɗaya, yawancinsu baƙi ne daga Turai ko 'ya'yan baƙi. A titin Halsted matan nan biyu suka sami wani tsohon gida wanda wani attajiri, Charles Hull, ya gina cikin 1856. Masu arziki sun daɗe da barin unguwar. Waɗanda suka cika ta su ne mutanen Italiya, da na Ailan, da Jamusawa, da Yahudawan Rasha da Polan, daga baya kuma mutanen Girka. Ran 18 ga Satumba, 1889, suka tare. Jane ta kashe kuɗin gadonta wajen gyaran gidan, sa'an nan Helen Culver, wadda ta gaji Hull, ta yafe musu kuɗin haya.

Da fari mutanen unguwa sun yi ta zarginsu, gama ba su ga abin da zai kawo masu kuɗi wurin ba. Amma matan suka shiga yin abin da maƙwabta su kan yi. Su kan yi wa jarirai wanka, su yi jinyar marasa lafiya, su shirya gawa domin biso, su riƙe yaran da iyayensu mata suka tafi aiki. Wata rana wata yarinya da ta yi cikin shege tana naƙuda, matan gidan hayarsu suka ƙi taɓa ta. Jane da abokiyar aikinta Julia Lathrop su ne suka karɓi haihuwar.

Kaɗan kaɗan aikin ya bunƙasa. Aka buɗe ajin ƙananan yara da ɗakin reno. Aka buɗe ajin dare inda manya ke koyon Turanci. Ana koyar da ɗinki, da dafuwa, da aikin kafinta, da ƙira, da ginin tukwane, da ɗinkin littattafai, da kiɗa. Cikin shekara ta biyu mutum wajen 2,000 ke shiga gidan kowane mako. Cikin 1892 aka buɗe masauki inda 'yan mata ma'aikata ke haɗa kuɗi su riƙe kansu. Cikin 1893 aka rushe waɗansu ruɓaɓɓun gidaje aka yi filin wasan yara, shi ne na fari a birnin duka. Kafin 1911 gida ɗaya ya zama gine-gine 13.

Kurakurai biyu

Ma'aikatan gidan suka lura abincin maƙwabtansu ba ya gina jiki. Sai suka buɗe madafa, suna dafa abinci mai araha bisa ga ƙa'idar masana. Amma ba su tambayi masu ci ba. Kowace kabila tana da irin miyarta, mutane kuwa suka ƙi saye. Dole aka mai da wurin ɗakin shan kofi da hira, sa'an nan ya cika. Gaskiyar masu magana, zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi.

Kuskure na biyu ya fi wannan ciwo. Cikin hunturun 1893 ciniki ya faɗi, dubban mutane suka rasa aiki. An kafa ƙa'ida kada a ba mai ƙarfi taimako muddin akwai aikin da zai iya yi. Wani akawu, uban yara, ya zo neman taimako sau da dama. Jane ta bi ƙa'ida, ta ce masa ya tafi wurin da a ke haƙar babbar magudanar ruwa. Mutumin ya gaya mata bai taɓa aikin waje cikin sanyi ba, jikinsa ba zai ɗauka ba. Ba ta sake magana ba. Ya tafi, ya yi kwana biyu yana haƙa, ciwon haƙarƙari ya kama shi, bayan mako guda ya mutu, ya bar yara biyu. Jane ba ta ɓoye wannan ba. Ita da kanta ta rubuta shi cikin littafin da ta buga a 1910 a kan shekara 20 na farko na gidan. Ta riƙa kula da yaran nan, ba ta kuwa ganinsu sai ta tuna. Daga ranar ta gane ba a auna wahalar mutum da ƙa'ida kaɗai, sai an san zamansa da halin jikinsa.

Daga alewa zuwa doka

A bikin Kirsimati na fari an raba wa yara alewa, waɗansu 'yan mata ƙanana suka ƙi karɓa. Ashe mako shida suka yi suna aiki a ma'aikatar alewa, daga ƙarfe 7 na safe har 9 na dare, ko ganinta ba su so. Jane ta ga kyauta ba ta warkar da wannan. Wata mai zama a gidan, Florence Kelley, ta bi ɗaki ɗaki tana rubuta yawan yaran da ke aiki da abin da a ke biyansu. Da wannan shaida aka kafa doka a Illinois cikin 1893, wadda ta hana sa yaron da bai kai shekara 14 ba aiki a ma'aikata, aka kuma naɗa Kelley shugabar masu dubawa.

Shara kuma tana kashe jarirai a unguwar, gama 'yan kwangila ba su kwashewa. Cikin 1895 Jane ta karɓi aikin duba-gari. Ƙarfe 6 na safe tana bayan kekunan shara, tana bin su har juji. A wani lungu sai da aka kwashe datti mai zurfin inci 18 kafin a tarar da daɓen titi. Matan gidan suna cikin waɗanda suka sa aka buɗe kotun yara ta farko a Amurka cikin 1899, domin a daina kulle yara tare da manyan masu laifi.

Tsohuwa da mazari

Akwai wani ciwo da doka ba ta kai gare shi. 'Ya'yan baƙi sun iya Turanci, sun saba da birni, sai suka fara jin kunyar iyayensu. Wata rana Jane tana tafiya, ta ga wata tsohuwa 'yar Italiya zaune a bakin ƙofa tana kaɗi da mazari, kusan irin wanda kakanninmu mata suka sani. Nan dabara ta zo mata. Cikin 1900 ta buɗe ɗaki inda iyaye ke nuna sana'o'in ƙasashensu. Kowane daren Asabar mata na kabila dabam dabam suna kaɗi da saƙa, an jera kayan aikin daga mazari har zuwa injin, domin yara masu aiki a masaƙa su ga inda aikinsu ya samo asali.

Wata yarinya ta kan zo ajin dafuwa a daren da uwarta ke kaɗi. Kullum sai ta bar uwar a babbar ƙofa, ita ta zaga ta ƙofar gefe, kada a gan su tare, saboda ɗankwalin uwar da tufafinta na ƙauye. Wani dare ta tarar malamai baƙi sun kewaye uwar suna yabon hannunta. Ta je ta tambayi Jane ko gaskiya ne uwarta gwana ce haka. Jane ta zauna ta ba ta labarin ƙauyen uwar, da irin zaman da ta baro, da kewar da ta ke ciki. Daga nan yarinyar ta riƙa shiga ta ƙofa ɗaya da uwarta.

Yabo da zagi

Ba kowa ya yarda da ita ba. Waɗansu shugabannin ikilisiya sun yi gunaguni domin ba a yin wa'azi a gidan. Ita kuwa ta ga maƙwabtanta 'yan Katolika ne da Yahudawa da 'yan Otodoks, ba ta so wani ya ji sai ya bar addininsa kafin a riƙe masa yaro. Masu karatu za su auna wannan da kansu. Dole kuma mu faɗa, ko da ya ke tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar neman hakkin baƙar fata cikin 1909, baƙar fata kaɗan ne suka ci moriyar Gidan Hull a zamaninta.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi, ta ƙi goyon bayansa. Cikin 1915 ta shugabanci taron mata a birnin Hague na ƙasar Holan, suna neman a yi sulhu. Jaridun da suka yabe ta jiya suka juya suna zaginta, har ana ce da ita maci amanar ƙasa. Abin ya yi mata zafi, amma ba ta janye ba. Ta shiga aikin tara abinci domin mayunwatan Turai, har da yaran Jamus. Cikin 1931 aka ba ta lambar Nobel ta zaman lafiya, ita ce mace ta fari daga Amurka da ta samu. Kuɗin kuwa ta ba ƙungiyar mata masu neman zaman lafiya.

Ta rasu ran 21 ga Mayu, 1935, da ciwon daji. Aka ajiye gawarta a Gidan Hull, dubban maƙwabta suka yi ta wucewa suna ban kwana, kāna aka kai ta Cedarville aka binne. Cikin 1963 aka rushe yawancin gine-ginen domin a gina jami'a, aka bar tsohon gidan ya zama wurin ajiye kayan tarihi. Ƙungiyar da ta ci gaba da aikin ta rufe cikin 2012 saboda rashin kuɗi. Amma kotun yara, da filin wasa, da ajin dare, da dokar hana bautar da yara, sun bazu cikin ƙasashe da yawa.

Mu ma muna da unguwannin da ba mu cika shiga ba, muna kuma da masu zuwa ƙofarmu da roƙo. Kafin mu yanke abin da ya dace da mutum, ya kamata mu tuna da akawun nan, mu tambayi kanmu ko mun san inda ya ke kwana, da abin da jikinsa zai iya, da sana'ar da ke hannunsa.