Gene Roddenberry: Ɗan sandan da ya ƙirƙiro Star Trek, 'yan kallo suka raya shi

Duk mai zama a teburin mai shayi a Dakata ko Fagge ya san yadda gardama kan fim take zafi. Lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar shirin Labarina, Fati Washa ta maye gurbinta a matsayin Sumayya, an daɗe ana musu kan ko labarin ya lalace ko bai lalace ba.

Irin wannan musu yana da tambaya guda a ƙarƙashinsa: shin labari na wanda ya rubuta shi ne, ko kuwa na waɗanda suka riƙe shi da kallo? Rayuwar Gene Roddenberry, Ba'amurken da ya ƙirƙiro Star Trek, ta ƙare ne a tsakiyar wannan tambaya.

Daga jirgin yaƙi zuwa aikin ɗan sanda

An haifi Roddenberry ranar 19 ga Agustan 1921 a El Paso da ke jihar Texas, ya kuma tashi a Los Angeles inda mahaifinsa ke aikin ɗan sanda.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya tuƙa jirgin yaƙi samfurin B-17 a yankin tekun Pasifik. Bayan yaƙi ya kama aiki da kamfanin jiragen sama na Pan Am, kuma a watan Yunin 1947 jirgin da yake ciki ya faɗi a hamadar Siriya. Mutum fiye da 10 suka mutu. Shi kuwa ya tsira da karayar haƙarƙari, ya kuma taimaka wajen zaƙulo fasinjoji daga cikin wuta.

A 1949 ya shiga rundunar 'yan sandan Los Angeles, inda ya riƙa rubuta wa shugabanta William Parker jawabai. Da dare kuma yana rubuta wasannin talabijin yana sayarwa. Da ya ga rubutun ya fi albashi kawo kuɗi, sai ya ajiye kakin a 1956.

Shirin da aka so kashewa

Star Trek labarin wani kumbo ne mai suna Enterprise da ke yawo tsakanin taurari a ƙarni na 23. An fara nuna shi a tashar NBC ranar 8 ga Satumban 1966, a lokacin da Amurka ke fama da rikicin wariyar launin fata da yaƙin Biyetnam.

Roddenberry ya cika kumbon da mutanen da ba a saba gani tare ba. Akwai Uhura, baƙar mace 'yar Afirka da sunanta ya samo asali daga kalmar Suwahili mai nufin 'yanci. Akwai Sulu ɗan Asiya, daga baya aka ƙaro Chekov ɗan Rasha, alhali Amurka da Tarayyar Sobiyet ba sa ga maciji. Sai Spock mai tsinin kunnuwa, wanda shugabannin tashar suka so a cire saboda a ganinsu ya yi kama da shaiɗan.

Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura, ta so barin shirin bayan zangon farko. Ta sha ba da labarin cewa Martin Luther King ne ya hana ta, saboda muhimmancin yaran baƙaƙen fata su ga irinta a kujerar aiki ba a matsayin 'yar aikin gida ba.

Sai dai yawan masu kallo bai gamsar da NBC ba. Da aka ji ƙishin-ƙishin ɗin za a dakatar da shirin, wasu ma'aurata, Bjo da John Trimble, suka shirya gangamin aika wasiƙu, Roddenberry kuma yana taimaka musu ta bayan fage. A farkon 1968 ɗalibai suka yi tattaki zuwa ofishin tashar a Burbank.

NBC ta ba da kai, amma ta rage kuɗin shirin ta kuma mayar da shi ƙarfe 10 na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida. Roddenberry ya yi fushi ya janye daga gudanarwar yau da kullum. An rufe shirin a watan Yunin 1969 bayan kashi 79, makonni kaɗan kafin ɗan Adam ya taka wata.

Yadda 'yan kallo suka tashi matacce

Ƙananan tashoshi sun ci gaba da maimaita tsofaffin kashin, kuma a nan shirin ya samu jama'ar da bai samu ba da farko. Masoyansa suka riƙa buga mujallu suna rubuta nasu labaran da jaruman shirin. A watan Janairun 1972 suka yi babban taro a New York, inda kusan mutum 3,000 suka halarta.

A waɗannan shekaru sauran ayyukan Roddenberry ba su karɓu ba, har ya kai ga dogaro da kuɗin lacca a jami'o'i da tarukan masoya. Su suka riƙe shi.

Ƙarfinsu ya kai fadar White House. A 1976, bayan ruwan wasiƙu, Shugaba Gerald Ford ya amince a raɗa wa kumbon gwaji na hukumar NASA suna Enterprise. Da fim ɗin Star Wars na George Lucas ya yi kasuwa a 1977, kamfanin Paramount ya yanke shawarar kai Star Trek silima.

Uban da aka raba da ɗansa

Fim ɗin ya fito a Disamban 1979. Ya kawo kuɗi, amma ya lashe fiye da dala miliyan 40, don haka Paramount ta karɓe ragama daga hannun Roddenberry ta miƙa wa Harve Bennett, ta bar shi da muƙamin mai ba da shawara.

Kafin fim na biyu ya fito a 1982, labari ya ɓulla cewa za a kashe Spock. Masoya suka yi caa, kuma da yawa a kamfanin sun zargi Roddenberry da fitar da sirrin. An kashe Spock ɗin, aka kuma dawo da shi a fim na uku a 1984.

A 1987 ya dawo talabijin da The Next Generation. Wannan karon masoyan ne suka juya masa, suna ƙin sababbin jarumai. Ya kafa dokar cewa mutanen nan gaba ba sa faɗa da juna, abin da marubuta suka ce yana kashe labari, kuma da yawansu sun bar aikin a zangon farko.

Yana da nasa tabon. Ya rubuta wa kiɗan buɗe shirin baitocin da ba a taɓa rerawa a cikinsa ba, abin da ya ba shi rabin kuɗin mawaƙin, Alexander Courage. An zarge shi da danne gudummawar marubuta irin su Gene Coon, wanda ya ƙirƙiro ƙabilar Klingon. Bai kuma ɓoye cewa ya bar addini ba, kuma hakan ya bayyana a wasu labaransa.

Gadon da ake ja-in-ja a kansa

Roddenberry ya mutu ranar 24 ga Oktoban 1991 a Santa Monica yana da shekara 70. A 1992 kumbon Columbia ya tafi da wani ɓangare na tokarsa sararin samaniya. A shekarar ce kuma Mae Jemison, wadda ta ce Uhura ce ta zaburar da ita, ta zama baƙar mace ta farko da ta je can.

Mutuwarsa ba ta kashe gardamar ba. Da Deep Space Nine ya zo a 1993 da yaƙi da addini da siyasa, wasu suka ce an ci amanarsa. Haka aka sake yi da Discovery a 2017. Kowane ɓangare da sunansa yake kafa hujja, shi kuwa ba ya nan balle ya raba gardama.

Ga masu shirya fim a Kano, darasin a fili yake. 'Yan kallon da ke zagin darakta idan ya sauya jaruma, su ne kuma za su nemi a dawo da shirin ranar da kuɗi suka ƙare. Roddenberry ya ci moriyar wannan ƙarfi, ya kuma ɗanɗana zafinsa, domin tun daga 1968 Star Trek ya daina zama nasa shi kaɗai.